Bencin Kakanni na Harare: Nazarin Wata Hanyar Jinyar Damuwa

A harabar ƙananan asibitocin Harare, babban birnin Zimbabwe, akwai bencina na katako a gindin bishiyoyi, inda tsofaffin mata kan zauna da mutanen da damuwa ta yi wa katutu. Sunan shirin Friendship Bench, kuma Dokta Dixon Chibanda, likitan ƙwaƙwalwa, shi ya fara shi a unguwar Mbare a 2006 da kakanni 14. Ya sha ba da labarin abin da ya tunzura shi: wata matashiya da yake dubawa ta kashe kanta a ƙauyensu, da ya tambayi mahaifiyarta me ya hana a kawo ta asibiti, sai ta ce ba su da kuɗin mota. A lokacin likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su kai 20 ba, ga shi kuma wani rusau da aka yi a 2005 ya raba mutum kusan 700,000 da gidajensu ko sana'o'insu.

Ana fara tantance mai zuwa da tambayoyi 14 cikin harshen Shona. In an ga yana da buƙata, sai a haɗa shi da kaka su yi zama shida, kowanne bai wuce minti 45 ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne horon da ake ba kakannin, domin ya saɓa da abin da tsohuwa ta saba. Macen da ta aurar da 'ya'ya, ta raini jikoki, bakinta cike yake da nasiha, amma a kan benci ana koya mata ta riƙe nasihar ta yi tambaya. A ce wata mata ta zo tana kuka: miji ya daina kawo cefane, mai gida na neman kuɗin haya, an koro yaro daga makaranta, ita kuma ta bar shan maganinta. Kaka za ta bar ta ta amayar da komai, sannan ta maimaita mata su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "'Yata, a cikin waɗannan wanne za mu fara taɓawa?" Wataƙila kakar na ganin maganin ne ya fi gaggawa, amma in matar ta zaɓi kuɗin makaranta, shi za a bi. Ita za ta lissafa hanyoyin da take gani, ta ɗauki guda, ta sa ranar da za ta je wurin shugaban makaranta. Wannan dabara ta warware matsala daki-daki ta samo asali daga aikin wasu masana biyu, D'Zurilla da Goldfried, na 1971, kuma hikimarta a fili take: mai baƙin ciki mai tsanani yana ganin babu abin da ke hannunsa, in ka yanke masa hukunci ka ƙara tabbatar masa da hakan.

Mu ma muna da goggonni da iyaye masu jin kukan mutane. Sai dai sau da yawa tun mace ba ta kai rabin zancenta ba an ce mata, "Ki yi haƙuri, kowa da haka yake zaune." Haƙuri abu ne mai daraja, ban raina shi ba, amma in ya riga sauraro zuwa, rufe baki yake yi, ciwon kuma yana nan.

An gwada shirin a asibitoci 24 da mutum 573, aka buga sakamakon a mujallar JAMA a 2016. Bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a benci ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna a benci ba kuwa kusan rabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka akwai inda hanyar ke gajiyawa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka yi gwajin da su mata ne, saboda haka hujjar ta fi ƙarfi a kansu, alhali maza ne suka fi mutuwa ta hanyar kashe kai a yawancin ƙasashen duniya. Sannan dabarar ta fi aiki a kan matsalar da mutum zai iya motsawa. Matar da miji ke duka kowane dare, tana buƙatar mafaka da hukuma, zama shida ba zai ishe ta ba. Masu shirin sun san da talauci, shi ya sa bayan zaman ake haɗa mutane ƙungiya-ƙungiya suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji suna sayarwa. Wanda kuma aka ga yana tunanin halaka kansa, ana miƙa shi ga ma'aikatan asibiti, abin da ke nufin bencin ba ya tsayawa sai da asibiti a bayansa.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri. Kaka 'yar unguwa ce, wannan kusancin ne ya sa ake sakin jiki da ita, amma ta san surukar mai maganar, tana haɗuwa da mijinta a kasuwa. Duk wanda ke son dasa irin wannan benci a Kano ko Damagaram, inda gidaje ke haɗe da juna ta aure da maƙwabtaka, dole ya fara da yadda za a zaɓi matan da ba a san su da yawo da zance ba, da wanda zai riƙa zama da su yana duba aikinsu, yana kuma jin nauyin da su kansu ke komawa da shi gida.