Kumburi Ba Ƙarfi Ba Ne

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zuwa Yamai ka sauka tashar Wadata, ka ga masu tallar magani suna yawo tsakanin motoci. A cikin kayansu akwai ƙwayar da ake ce ma "sha ka fashe". An fi sanin mata da shanta don neman ƙiba. Yanzu har samari suna saye, wai suna son jiki irin na ƴan kokowa da ƴan wasan Indiya. To, laifin wa? Ni dai na ce har da mu ƴan kallo.

Ka san kokowa ita ce babban wasan ƙasarmu. An fara gasar takobi a Tawa cikin 1975, Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauka. A watan Disamba na 2023, a Agadas, Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobinsa na 6. Jihohi 8 ke zuwa, kowace da ƴan kokowa 10. Kuma ba a raba su bisa nauyi. Siriri yana gamuwa da ƙato, kuma sau da yawa mun ga ƙato a ƙasa. Kokowa dabara ce, da numfashi, da ƙarfin ƙafa.

Amma dubi halinmu. Ɗan kokowa ya shigo fili, kafin ya kama kowa mun auna shi da ido. In yana da ƙirji da wuya, sai guɗa da kirari, a ce giwa, a ce dutse. In ya ɗan faɗa, sai a ce wane ya ƙare, ko ciwo gare shi. Ga salula ta zo, hotonsa yana yawo gari gari, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Yaron da ke koyon kokowa a ƙauye yana jin wannan duka. Sai ya ɗauka girman jiki shi ne takobi. Bakinmu ne ke tura shi wurin mai talla.

Ƴan wasan Indiya ma da muke sha'awa, kada jikinsu ya ruɗe ka. Akwai fim ɗin kokowa mai suna Dangal, na 2016. Saboda shi Aamir Khan ya ƙara ƙiba har ya kai kilo 97, sannan ya sauke ta cikin ƴan watanni. Yana da masu horo, da masu auna masa abinci. Jikin nan na aikin fim ne, na ɗan lokaci. Manomi bai da dalilin auna kansa da shi. Kama da wane ba ta wane.

Yanzu ga abin da ƙwayar take yi. Ɗaya daga cikin irinta sunanta dexamethasone. Magani ne na gaske, likita na ba da shi don wasu cututtuka, da awo, da ƙa'ida. Wanda ya daɗe yana sha da kansa, ruwa ne ke taruwa a jikinsa. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, amma naman cinya da na dantse su saki. Ƙashi ya yi rauni. Tana jawo hawan jini da ciwon suga, ciwo kuma ba ya saurin warkewa. Ka ga mai neman ƙarfi ya sayi rauni da kuɗinsa. In ka san mai sha, kada ya bari rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne. Ya je gidan likita a rage masa sannu sannu.

To ina ƙarfi yake? Yana cikin rumbunka. Abinci iri 3 ne. Akwai mai ba da ƙarfin aiki: gero, dawa, rogo, mai. Akwai mai gina jiki: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi, nama, har da fara. Akwai mai kare jiki daga cuta: zogale, kuka, yakuwa, tumatir, mangwaro. A yi ƙoƙari ukun nan su haɗu a ƙwarya kullum. Hura da nono, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, tuwo da miyar kuka da wake: da irin wannan kakanninmu suka yi noma da damina, suka yi kokowa da kaka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka, in an buga ganga a garinku bana, ka yaba ma wanda ya iya kamu, ba wanda ya fi cika ido ba. In ɗanka ya ce yana son zama ɗan kokowa, kada ka sayar da waken gida duka a kasuwa. Ka rage masa nasa.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.