Nono, Mama da "Dukiyar Fulani": Sharhi kan Sakaya a Rubutun Zube

Daga cikin maganganun da ake yawan maimaitawa a darasin al'ada akwai cewa Bahaushe yana nauyin ambaton gaɓoɓin jikin mace, shi ya sa yake sakaya su. Akan jera nono cikin waɗannan gaɓoɓi, a haɗa shi da al'aura a kwando ɗaya, a wuce. Abin da wannan takarda take son nunawa shi ne, wannan hukunci ya yi faɗi da yawa, kuma marubutan ƙagaggun labarai da suka yi aiki da shi sun samar da wata irin sakaya wadda ta fi kalmar asali tsiraici.

Mu fara da kalmar kanta. Nono a Hausa yana nufin gaɓar, yana nufin ruwan da jariri ke sha, yana kuma nufin wanda ake dama fura da shi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo ma'anar gaɓa da ta abin sha a ƙarƙashin kalma ɗaya, kuma har yau haka abin yake a bakin mutane daga Kano zuwa Maraɗi. Uba yakan aiki 'yarsa sayen nono a gaban baƙi, babu wanda zai sunkuyar da kai. Ɗalibi ya gwada wannan da sunan kowace gaɓa da ake kira al'aura, zai ga bambancin nan take.

Haka abin yake a sha'anin goyo. Mace takan zauna a tsakar gida, ko cikin motar haya, ta ja mayafi ta ba ɗanta nono, kuma wanda ya tsaya kallo shi ake ganin rashin tarbiyyarsa. Kunyar da ake gani wajen mai haihuwar fari kunyar ɗan ce, wadda ta haɗa da ƙin kiran sunansa da ƙin yi masa wasa a gaban mutane. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yadda tsohuwar take zancen goyo da yaye a sarari, a daidai lokacin da take bayyana nauyin ɗan fari. A zaurukan karatu ma, malamai suna fassara babin shayarwa na Risala da kalmar nono kai tsaye, domin hukunci ne babba: aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu na shayarwa, aya ta 23 ta Suratun Nisa'i kuma ta haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya. Wajibcin suturta jiki hukunci ne daban, bai hana a kira abin da sunansa ba. Sannan mafi nauyin furucin da uwa za ta yi wa ɗan da ya saɓa mata shi ne ta ce ba ta yafe nonon da ya sha ba. Kalmar batsa ba ta ɗaukar irin wannan nauyi.

To, ina kunyar take? Tana wajen budurwa. Da zarar yarinya ta fara ƙirgen dangi, sai harshen gida ya sauya: a ce "ta fara girma", a ce "ƙirjinta ya cika", a sa ta riƙa yafa mayafi. Wato abin da ake sakayawa shi ne kallon sha'awa da namiji zai yi wa gaɓar. Kalmar ƙirji tana wannan aiki da kyau, domin tana ambaton wurin gaba ɗaya, ta bar mai sauraro ya gane ba tare da an nuna masa da yatsa ba.

A nan ne nake da ja da wasu marubutan littattafan soyayya. Wannan adabi ya bunƙasa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, ya kuma sha matsi: an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a 2007. Da rubutun ya koma wayar hannu, ta WhatsApp da Wattpad, sai wasu laƙabobi suka yawaita a wajen siffanta jarumar labari, musamman "na shanu" da "dukiyar Fulani". Marubucin zai ce ya guje wa batsa. Amma a duba yadda laƙabin yake aiki. Dole mai karatu ya tashi daga shanu ya je ga nonon ƙwarya, daga nan ya tsallaka zuwa jikin yarinyar, kuma wannan tafiya ita ce daɗin da ake sayar masa. Maimakon a kawar da idonsa, an riƙe shi a wurin, har da ƙyafta masa ido. Ban da haka, an mai da jikin mace kayan talla, an kuma jawo sunan wata al'umma cikin raha da ba ta nema ba. (Abin lura, a labarin da jarumar ta haihu, marubucin nan yakan koma ga "nono" ba tare da wata fargaba ba. Ashe ya san inda iyakar take.)

Wannan batu ya wuce na adabi, domin da yawa daga cikin masu nazarin harshe aikin fassara za su yi a rediyo da asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar wannan gaɓa, kimanin 670,000 kuma suka rasu. Kafofin labarai na Hausa sun fi cewa "sankarar mama", kuma zaɓi ne mai ma'ana, tunda mama ba ta rikicewa da abin sha, tana kuma da taushi a kunne. Sai dai wanda zai gaya wa mace ta riƙa shafa mamanta tana neman ƙullutu, ko ya shawo kan kaka ta bar zubar da dakashi, ko ya bayyana shayar da nonon uwa zalla har wata 6, ba shi da damar kewaye-kewaye. Idan ya ce "ciwon ƙirji", mai sauraro tari zai ɗauka.