Turai a Idon Dorugu

Masu nazarin *Magana Hausa*, littafin da J. F. Schön ya buga a 1885, sun saba ɗaukar labarin Dorugu da ke cikinsa tamkar rumbu, inda za a shiga a auno misalan nahawu a fita. Waɗanda suka kula da labarin kansa kuwa, galibi sai su tsaya a kashin farko, watau ƙuruciyarsa a ƙasar Damagaram, da yadda aka kama shi bawa, da tafiyarsa Tambutu tare da Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim. Kashin da ya shafi Turai akan yi masa kallon surutun yaro wanda ya ga abin mamaki. Wannan hukunci bai yi wa labarin adalci ba.

Ya kamata a fara duba irin tafiyar da aka yi. Barth ya bar Kukawa cikin watan Mayu 1855 tare da Dorugu da Abbega, Bamargi, yaran da Overweg ya 'yanta kafin rasuwarsa a 1852. Suka ƙetare Hamada, suka isa Tarabulus wajen ƙarshen Agusta. Daga nan jirgin ruwa ya kai su Malta, sa'an nan Marsel, suka ratsa Faransa ba su yi wani zama a Faris ba, ran 6 ga Satumba suna Landan. Hamada ta ci musu fiye da wata uku, amma tsakanin Tarabulus da Landan ko mako biyu ba su cika ba. Bayan haka aka kai su Jamus, suka ga Hambug, garin su Barth, da Balin. Birane ne masu dogon tarihi, yawancinsu kuwa wucewa aka yi da yaron ta cikinsu.

Baturen da ya bi wannan hanya a zamanin nan yakan tashi daga gida da sunayen abubuwa a kansa. Ya riga ya san wace majami'a ce tsohuwa, wane sarki ya gina wace fada, saboda haka in ya komo sai ya rubuta abin da ya karanta tun kafin ya tashi. Dorugu, wanda shekarunsa ba su fi goma sha shida ba, ba shi da wannan guzuri. Mai neman tarihin gine-gine cikin labarinsa zai fita hannu wofi, kuma garuruwan da aka ratsa da sauri ba su sami rabo mai yawa ba. Wannan rauni ne, ba a musu. Amma fa inda ya zauna ya ga mutane, nan idonsa yake aiki. Ya lura da yawan shan tabar Jamusawa, har da yaransu. Ya bayyana cin abincin manyan Ingila daki daki, yadda ake shiga, da yadda ake zama, da abin da ke bin wani, kamar yadda Bature zai bayyana bukin Hausawa ga mutanensa. Dariyar da ke cikin wannan wuri ba ta rashin wayo ba ce. Ta mai kallo ce wanda ya gane cewa masu gida ma suna da al'adu, al'adun kuwa abin kallo ne.

Babban abin yabo shi ne ma'auninsa bai sake ba. Tambayoyin da yake yi wa garuruwan Sudan su yake yi wa na Turai: me suke ci, me suke sawa, yaya suke yi da baƙo. Muryar da ta ba da labarin Kukawa ita ce ta ba da labarin Landan, ba ta ƙara ƙarfi ba, ba ta yi rawa ba. Wanda ya sha bauta ya kuma ƙetare Hamada, ba jirgin ƙasa ne zai ruɗa shi ba.

Duk da haka akwai tambayar da ya wajaba malami ya sa a gaban ɗalibansa, watau wa ake ba labarin? Dorugu bai rubuta da hannunsa ba. Faɗa ya yi, Schön yana rubutawa, Schön kuwa ɗan mishan ne Bajamushe wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, a gidansa kuma yaron yake ci yake kwana. Sa'ad da Dorugu ke bayanin Damagaram, yana faɗa wa mai saurarensa abin da bai sani ba ne. Sa'ad da ya zo kan Turai sai al'amarin ya juya, ya zama baƙo yana siffanta wa mai gida gidansa. Kowa ya san iyakar abin da yaro zai faɗa a irin wannan zama, don haka bai kamata a ɗauki shirunsa a kan wani abu a matsayin yarda ba. Ga kuma kusan shekara talatin tsakanin faɗar labarin da buga shi, duk yana hannun Schön.

A nan ne gwada shi da *Tafiya Mabuɗin Ilmi* na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1944, yake da amfani. Imam ya je Ingila a 1943 cikin ƙungiyar editocin jaridun Afirka ta Yamma, yaƙi na ci, kuma masu masaukinsu ne suka tsara inda za su da abin da za su gani. Amma shi da alƙalaminsa ya rubuta, domin Hausawa masu karanta *Gaskiya Ta Fi Kwabo*. Shi an zaɓar masa abin kallo, Dorugu kuwa an zaɓar masa mai sauraro, kuma ɗalibin kwalejin horon malamai da ya karanta su a jere zai fi saurin gane inda kowannensu ya taƙaita.

Dorugu ya komo Afirka a 1864. Ƙarshen rayuwarsa ya yi shi a Nasarawa ta Kano, yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa, can ya rasu a 1912. Kirk-Greene da Newman sun fitar da labarin da Turanci a 1971. Malamin da zai karantar da shi da Hausa daga bugun Schön kuwa, sai ya fara gyara rubutun, domin babu ƙ da ɗ da ɓ na yau a cikinsa.