Hular tuta da jar hular da ke jikin tamma

Ran kasuwar Barmu na tarar da tebur cike da huluna masu launin tutarmu: ruwan goro, fari da tsanwa, ga rana a goshi. Samari sai saye suke. Irinsu sun cika Tawa a 2017, lokacin bikin 18 ga Disamba da aka kira Tawa Sakola, suka kuma ƙaru daga 2023. Na sayi ɗaya, na kai ta ajinmu na yaƙi da jahilci, muka duba ta da kyau.

Ɗinkin bai gamsar da kowa ba. Yadin roba ne, yana dafa kai, inuwarta ko kunne ba ta kai. Manomi na Adar ba zai ajiye malfarsa ta kaba saboda ita ba. Amma ba nan babbar maganar take ba.

Wani dattijo a ajin ya kwance ƙullin tsumma, ya fito da tsohuwar tamma ta 1948, ta zamanin Nasara. Gefe ɗaya kan barewa. Ɗaya gefen mace ce da hula mai lanƙwasa gaba. Ya ce, “Malam, ita ma wannan hular ƙasarsu ce?”

Ita ce, Baba. Matar sunanta Mariyan. Ba mutum ce da ta taɓa rayuwa ba, alamar Jamhuriyar Faransa ce. Hular kuwa tana da tarihi. A tsohuwar daular Rum, in ubangida ya ƴanta bawansa, sai a yi masa aski a sa masa hula. Kowa ya gan shi ya san ba mai sayar da shi kuma. Da talakawan Faransa suka tayar wa sarautarsu a 1789, sai suka ɗauko wannan alama, suka riƙa sa jar hula. Ranar 20 ga Yuni 1792 suka kutsa fada, suka sa sarki Luwi na 16 ya ɗora ta a kansa.

To ga abin dubawa. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoliyon ya maido da ita a 1802, ba a sake soke ta ba sai 1848. Aikin tilas da kakanninmu suka sha, na hanya da dako, sai a 1946 aka hana shi, shekara biyu kacal kafin a buga tammar nan. Jar hular da ta iso gare mu ita ce jar dara ta sojan da aka ɗiba zuwa yaƙin Turai.

Aji ya ɗauki dariya, ana ta zagin Nasara. Na ce mu dakata, mu ma muna da namu.

Hadizatu Mani, ƴar jiharmu ce ta Tawa. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, aka mai da ita wahaya a yankin Birnin Ƙonni. Dokar da ta sa bauta ta zama laifin ɗauri a Nijar ta fito a 2003. Duk da haka sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a Oktoba 2008 ta ce ƙasarmu ba ta kare ta ba, ta biya ta miliyan 10 na sefa. A lokacin tutarmu ta kusa shekara 50 tana kaɗawa.

Shi ya sa hular kasuwar nan ba ta cika mini ido ba. Bawan Rum sai da aka kwance shi kana ya sa tasa. Tamu kuwa ko mai wahaya a gida yana iya saye ya sa ran 3 ga Agusta, ba mai tambayarsa. Ban ce ku jefar ba. Ni ma tawa tana nan, ƴata ta ƙwace ta.

Dattijon ya mai da tammarsa cikin tsumma. Ya ce in rubuta masa “ƴanci” a allo, don harafin farkon nan mai ƙugiya yana ba shi wuya. Ya kwafa sau biyar. Sannan ya ce darasi mai zuwa in zo da dokar nan ta 2003, in karanta musu ita da Hausa.