Bakin Yadi: Jins ɗin Kojima da Masaƙun Kakuri

Masu sanin wandon jins ba aljihu suke fara dubawa ba. Ƙafar wandon suke naɗewa su duba ɗinkin ciki. In gefen yadin a rufe yake tsaf, fari da siririn jan zare a tsakiya, to an saƙa shi a tsohon injin mai ƙoshiya. Ƙoshiyar tana kai zare ta dawo da shi ba a yanke ba, sai bakin ya ɗaure kansa. Faɗin yadin bai cika wuce inci 30 ba, kuma saƙar tana tafiyar hawainiya. Wando ɗaya yakan kai dala 300.

Amurka ce ta fara, amma yau Japan ke riƙe da sana'ar. A Kojima ta lardin Okayama kamfanin Big John ya fara ɗinka jins a 1965. Daga baya Studio D'Artisan da Evisu da Fullcount suka taso a Osaka, suka koma wa tsofaffin injunan da manyan masana'antu suka yi wa ritaya. Rininsu ma da dabara: ana tsoma zaren a shuni, a fito da shi ya sha iska, a sake tsomawa, amma cikinsa na nan fari. Shi ya sa wandon ke koɗewa a gwiwa da cinya daidai da zaman mai shi.

A ganina jan zaren nan ba shi ne ingancin ba. Ana iya saƙa shi da ruɓaɓɓiyar auduga. Abin da ya cancanci kuɗin shi ne auduga mai dogon gashi, wadda Fullcount ke saye daga Zimbabuwe, da rini mai haƙuri, da hannun mai gyaran injin da ke jin ƙarar ƙoshiya ya san ta kusa tsinka zare.

Nan ne abin ke sosa rai ga mutumin kudancin birnin Kaduna. Bahaushe ba baƙon wannan saƙa ba ne: kowace ƙwaryar saƙi da bakinta a rufe take fitowa, turkuɗin Kura kuwa har Sahara ya san shi. Sannan ga masaƙun unguwar Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, gwamnatin Sardauna ce ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, sai Arewa Textiles, wadda, abin mamaki, Japanawa ne suka zuba mata jari. Akoko da atamfa suka fi fitarwa, amma dubban ma'aikata daga Makera da Nasarawa sun koyi zare da injin a ciki. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da kayan fasa-ƙwauri suka taru a kansu. KTL ta rufe a 2002. Yau matashin Kakuri a dilar gwanjo yake tonon jins ɗinsa.

Ƙananan kamfanonin Japan ba su yi gogayya da Sin a araha ba, kaɗan suke saƙawa su sayar da tsada. Wanda zai gwada haka a Kaduna yana da audugar Funtuwa da marinar Ƙofar Mata. Abin da ya fi wuyar samu shi ne masu gyaran injin, kuma waɗanda suka rage tsufa ya kama su, da yawansu har yau suna bin haƙƙinsu na sallama.