Jinjina Ga Masu Zanen Littattafai

A shekarar 2021, zane guda na Tintin, aikin hannun mai zane Hergé, ya haura Yuro miliyan 3 a gwanjo a birnin Paris. Attajirai suka yi ta ƙara tayi.

Mu dai nan Hanwa, maƙwabtan kamfanin ɗab'i na Gaskiya da aka kafa a Tudun Wada a 1945, masu zanen littattafan makarantarmu muke yi wa jinjina. Mutum ya duƙufa da alƙalami da tawada, ya gyara naɗin rawanin sarki, ya sake, har ɗan aji ɗaya ya gane labari tun kafin ya iya haɗa baƙi. Sau da yawa ko sunansu ba ma dubawa.