Warwaron Lefe: Ƙyalli Muke Saye Ko Dukiya?

Duk mai lura da yadda ake haɗa lefe a unguwar nan ya san an samu canji a ɓangaren kayan hannu. Da can, in aka buɗe akwati, gwaggon amarya ɗaukar warwaro take yi ta jinjina shi a tafin hannu ta ji nauyinsa. Yanzu ƙirge ake yi: dozin nawa aka sako, wanne ya hau da leshi, wanne ya hau da atamfa. A ganinmu wannan ba ci gaba ba ne, hasara ce muke yi wa 'ya'yanmu muna guɗa.

Akasarin abin da ake cika kit da shi GL ne, wato tagulla ko wani ƙarfe da aka yi wa wankin ruwan gwal. Ba haramun ba ne sayar da shi, ba kuma aibi ba ne mace ta sa. Aibin yana wajen mai shagon da ya yi shiru har mai saye ya ɗauka gwal ne mai sauƙin kuɗi, da kuma dangin da suka fi son a ga yawa. Ga shi nan Ibadan ba Katsina ba ce. Damina doguwa, raɓa, gumi, sannan a fesa turare a kai, a tsoma hannu a ruwan Hypo wajen wanki. Kafin a yi sunan fari ya koɗe, wani ma har ya bar kore a fatar hannu. In an kai shi kasuwa kuwa, babu mai taya shi ko sisi.

Mu da muke zaune a ƙasar wasu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Warwaron gwal ko munduwar azurfa a hannun mace asusu ne da ba ya buƙatar katin banki. Rikicin Shasha na watan Fabrairu 2021 bai yi nisan da za mu manta ba. Mutum ya bar rumfa, ya bar kaya, ya fita da abin da ke jikinsa kawai. A rana irin wannan, warwaro ɗaya na gaske ya fi cikin akwati na jabu, domin shi ne kuɗin mota, shi ne jarin sake farawa.

To in za a saya, a saya da ido buɗe. Gwal da giram ake sayensa, ba da kyan zane ba. A duba hatimin da ke cikin warwaron: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Amma hatimi ma ana buga na ƙarya, don haka a sa mai shago ya goga shi a dutse ya ɗiga ruwan gwaji a gabanka, ya ɗora a sikeli, ya rubuta nauyi da karat a rasit. Masu zuwa da maganaɗisu su sani ba ya kama gwal, gaskiya ne, amma ai tagulla ma ba ya kama ta. Sannan a guji mai duwatsu da yawan ado in ajiya ake nufi. Ranar sayarwa cire duwatsun ake yi kafin awo, kuɗin aikin maƙeri kuma ba ya dawowa. Wanda cikinsa fanko ne yana da girma a ido, amma da ya bugi bakin turmi ya lotse. Gara siriri, sumul, mai nauyi. Kulawarsa ba wuya: ruwan ɗumi, sabulu, tsohon buroshi mai laushi, a goge a naɗe shi a ƙyalle shi kaɗai, kada a haɗa shi da sarƙoƙi suna gogar juna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damunmu, don ya shafi addini. Ya zama ruwan dare mace ta kai tsohon warwaronta a ba ta sabo, ta yi ciko. Jama'a, gwal da gwal ba a musayarsa sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu. In aka saɓa haka an shiga riba, ko da kowa ya yarda. Mafita mai sauƙi ce: ta sayar da tsohon ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sabon a wani ciniki daban. Haka nan ɗaukar gwal bashi wajen dillaliya ana biya kaɗan-kaɗan, jumhurun malamai ba su yarda da shi ba. Wadda kuɗinta bai cika ba ta shiga adashi, ranar kwasa ta je ta biya lakadan. Samarinmu da suka fara ɗaura sarƙar gwal a hannu kuwa, wannan ba ya buƙatar dogon bayani, gwal bai halatta ga namiji ba.

Mata sukan aiko a tambaye mu zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, kayan adon da mace take sawa babu zakka a kansu. Amma wanda aka saya aka kulle a akwati don tsoron wata rana, ba don sawa ba, hukuncinsa na kuɗi ne. In ya kai dinari 20, wato wajen giram 85, shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinta, shekara kuma ta zagayo, za ta fitar da ɗaya cikin 40.